Takalmina a Ƙusar Gwaggo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga wa kulob ɗinmu ƙwallon kwando, kuma cikin duk mutanen da suka taɓa ba ni tsoro babu wanda ya kama ƙafar wata mata da kanta bai kai ƙirjina ba. Mu 'yan wasa Gwaggo muke ce mata. A takardar aiki an rubuta mata wani dogon muƙami mai nufin ita ce mai gashin ƙashi da kula da raunin 'yan wasa, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba, har Manajan da ya rubuta. Ni kuwa Rediyo ake ce mini, saboda tun da na iya magana ba a gano inda ake kashe ni ba.

Ɗakinta yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, bango ɗaya da banɗaki. Idan ka shiga, warin man zafi da na safa ne za su fara yi maka sannu da zuwa. Akwai gado biyu masu yagaggiyar leda, firiza cike da ƙanƙara, keken motsa jiki da ke kuka idan an taka shi, robobin ja na motsa jiki kala-kala, da wani akwatin katako mai tsayin gwiwa. Sai 'yar kujera da take takawa idan tana son ta kai kafaɗar ɗayanmu. A bangon da ke kallon ƙofa kuma ƙusoshi ne guda goma sha biyu a jere, adadin 'yan wasan kulob.

Ƙusoshin nan su ne mulkinta. Duk wanda ya ji rauni, kafin a gama yi masa sannu, Gwaggo ta cire takalmin ƙafar da ta samu matsala. Wari guda kawai take ɗauka, ta bar maka ɗayan ka tafi da shi gida ka yi ta kallo. Sai ta hau kujerarta ta rataye nata a ƙusa. Ranar da ta sake hawa kujerar ta sauko maka da shi, ranar ka warke. Kafin nan, ko takardar wane likita ka kawo, kai majinyaci ne. Kada wani ya ce ai sai mutum ya sayi wani takalmin. Ƙafata lamba hamsin da ɗaya ce. Na taɓa shiga shago na tambaya, mai shagon ya leƙa ƙafar tawa ya ce in gwada wajen masu ƙera kwalekwale.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙusoshin ba su da kwaɗo. Ita ce take buƙatar kujera. Mu kuwa ko hannu ba sai mun miƙe sosai ba za mu ɗauke kayanmu. Amma a shekara ashirin da huɗu da ta yi a ɗakin nan, ba a taɓa samun ƙaton da ya yi wannan ƙarfin halin ba.

Asalin abin daga mahaifinta ne, mai gyaran takalma a bakin wata tashar mota. Ita ce 'yarsa ta fari, ita ke zama kusa da shi tana miƙa masa zare da ƙusa. Ta ce tsohon idan aka ajiye masa takalmi, sai ya juya shi ya dubi inda ƙasan ya cinye, ya faɗa maka wace ƙafa mai shi yake ja, ko ƙugunsa na ciwo, ko yana ɗaukar kaya a kafaɗa ɗaya. Mutane suna ɗauka duba yake yi, alhali ido ne kawai da yawan shekaru. Da ta girma ta yi karatun jinya, aka kai ta sashen ƙashi na wani babban asibiti, ta ƙara karatun gashin ƙashi, ta yi shekara tara tana koya wa waɗanda suka karye tafiya. Ta zo kulob ɗinmu ne bayan an sallami wani mai tausa da maganinsa ɗaya ne a duniya. Ko ciwon haƙori ka kai masa, man zafi zai shafa maka a cinya.

Dangin mijinta sun yi surutu da farko, wai mace da 'ya'ya huɗu ta rasa aikin yi sai matsa ƙafafun ƙarti. Ta ce musu ta ga gwiwar maza da ta mata a asibiti sun fi dubu, kuma duk iri ɗaya suke kumbura. Mijin nata malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali, shi ke kawo ta da safe a wata tsohuwar mota mai tari. Har ya yi ritaya bai gane dalilin da zai sa manyan mutane goma su yi ta kokawa a kan ƙwallo ɗaya don su jefa ta a kwandon da gindinsa a ɓule yake ba. 'Ya'yansu duka huɗu gajeru ne, kuma Gwaggo takan gode wa Allah a kan haka a gabanmu, da ƙarfi.

Ita kanta ba za a ce ta san wasan ba. Tana zama a ƙarshen benci da jakarta a cinya, filin ya ɗauki ihu, mutane su miƙe tsaye, ita ko gezau. Idan aka tashi sai ta tambayi na kusa da ita, "Mu ne muka ci ko su?" Wata rana na ce mata, "Gwaggo, wai ke me kike kallo ne minti arba'in?"

Ta ce, "Sauka."

Na ce, "Saukar me?"

Ta ce, "Kowa yana kallon yadda kuke tashi sama. Ni aikina yadda kuke dirowa. Tashi ai ko ɗan akuya ya iya."

Tawa saukar ta zo ne a wasa na huɗu na kakar da na cika shekara talatin da uku. Na tashi na kamo ƙwallo, na diro a kan ƙafar wani, gwiwata ta dama ta yi wata ƙara da ni kaɗai na ji ta, ɗas, daga ciki. Ina kwance ina kallon fitilun rufi, ina gaya wa alƙalin wasa cewa hutawa kawai nake yi, sai na ji ana kwance mini igiyar takalmi. Ko ɗago kai ban yi ba. Na san hannun.

Hoto ya nuna jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke. Aka yi mini tiyata. Likitan kulob, wanda muke gani sau ɗaya a mako da kwat ɗinsa da ƙamshin turarensa, ya ce aiki ya yi kyau. Ban musa masa ba, mutumin ya iya wuƙa. Amma shi awa biyu ya yi da gwiwar nan ina barci. Sauran watannin, ina farke, Gwaggo ce ta gaje ta.

Ranar da na fara zuwa ɗakinta da sanduna biyu, na tarar ta juya takalmin nawa tana duba ƙasansa kamar mai karanta wasiƙa.

Ta ce, "Kai Rediyo, shekara nawa kana dirowa a gefen ƙafa?"

Na ce, "Salo ne, Gwaggo. Shi 'yan kallo suke so."

Ta ce, "To ga salo nan ya kawo ka. Wata tara."

Na ce, "Likita ya ce wasu shida suke yi."

Ta ce, "Je ka ari gwiwar wasu."

Na yi lissafi a take. Wasan ƙarshe na kofi, idan har mun kai, zai faɗo ne wata shida da rabi daga ranar. Kwantiragina kuma da kakar zai ƙare. Ɗan wasa mai shekara talatin da uku da ɗinki a gwiwa, idan aka rufe kaka ba a gan shi a fili ba, ba a korarsa da faɗa. Hannu ake ba shi, a ɗauki hoto, a ce kulob gidansa ne har abada. Na sha ganin an yi wa wasu, har ni ma na tsaya a cikin hoton ina murmushi. Don haka na ƙudura a raina cewa ko da rarrafe sai na buga wasan nan.

Wanda bai yi jinyar gwiwa ba yana zaton kwanciya ake yi ana shan lemo. Makonnin farko duk yaƙin a kan miƙe ƙafa ne. Mutumin da jama'a ke kiran sunansa a fili, ga shi kwance yana gumi don ya ɗaga diddigensa taƙi ɗaya daga gado. Cinyata ta zube ta koma siririya, matata ta ce ta fi son ta haka, wando zai riƙa shiga. Gwaggo tana da tef irin na tela, duk ranar Litinin sai ta auna cinyar hagu, ta auna ta dama, ta rubuta a littafi, ta yi tsaki. Ta lanƙwasa gwiwar har sai na ga taurari da rana tsaka, sannan ta ɗora ƙanƙara ta saita agogo. Ba ta taɓa ce mini sannu ba. Abin da take cewa shi ne, "Saura biyar."

Ba ni kaɗai ba ne a ɗakin. Akwai abokina Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a kulob, shi ya sa muka sa masa sunan. Idon sawunsa ne ya gurɗe, takalminsa yana ƙusa ta uku, nawa a ta bakwai. Shi ya gaya mini sirrin da kowa ya sani amma ba mai iya amfani da shi. Ya ce Gwaggo ba ta tambayar mutum ko yana jin zafi, domin ta san duk ɗan wasa maƙaryaci ne. Kowa yana da alamar da jikinsa ke tona masa asiri da ita, kuma ta haddace ta kowa. Wani ya ciji leɓe, wani ya kalli rufi.

Na ce, "Kai mece ce taka?"

Ya ce, "Da na sani ai da na daina."

Na zuba masa ido kwana biyu, na gano kunnen hagu yake sosawa. Ban gaya masa ba, don ina jin daɗin kallo. Ni dai na tabbata ba ni da wata alama. Na tsaya gaban madubi na gwada, fuskata ba ta motsi, hannuna ba ya zuwa ko'ina. Na ce a raina tsohuwar nan ta gamu da wanda ya fi ƙarfinta.

A wata na biyar na fara gudu a miƙe. A na shida na fara tsalle da ƙafa biyu. Cinya ta dawo, saura kaɗan ta kamo 'yar'uwarta. Gajere ya karɓi takalminsa tuni, ya fita yana rawa. Kulob kuma, ba tare da ya nemi izinina ba, ya yi ta cin wasa har ya kai na ƙarshe.

Jarrabawar Gwaggo guda ɗaya ce ga masu gwiwa. Ka hau akwatin katakon nan, ka diro da ƙafar da aka yi wa aiki ita kaɗai, ka tsaya cak har ta ƙirga uku. Sau goma. Ita kuma ta tsuguna a gabanka, hancinta dab da gwiwarka. Na yi mata sau goma cif a makon da ya gabaci wasan. Ina yi ina ba ta labarin yadda Koci ya taɓa zana mana dabara a allo, ya yi ta bayani minti biyar, ashe allon a kife yake. Har muryarsa na kwaikwaya. Na diro na goma, na buɗe hannu ina jiran tafi.

Ta miƙe ta karkaɗe zanenta ta ce, "Ba yanzu ba."

Na ce, "Gwaggo, goma fa na yi."

Ta ce, "Na iya ƙirge."

"Gwiwar ta yi rawa ne?"

"Ba sosai ba."

"To mene ne?"

Ta ce, "Hau keke, minti ashirin."

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba, har matata, ita ce tun daga dira ta huɗu wani abu yake sukata a cikin gwiwar, can ƙasa ta gefen ciki, kamar an manta allura a ciki. Amma wannan tsakanina da gwiwata ne. Na fita daga ɗakin raina a ɓace, na wuce kai tsaye ofishin Manaja, na kai ƙarar matar da ta yi wata shida tana wanke mini ɗinki. Ba na alfahari da wannan, amma na yi, kuma da ƙafata na je ba wanda ya aike ni.

Saura kwana biyu wasa, da hantsi, suka shigo ɗakin su uku. Manaja a gaba da tumbinsa da takarda a hannu, Koci a baya da usur a wuya, sai Likita da ya tsaya a bakin ƙofa don kada warin safa ya kama masa kwat. Ina zaune a bakin gado. Gwaggo tana naɗe bandeji, ba ta ko ɗago ba.

Manaja ya ce, "Sista, ga takardar Likita. Hoto ya nuna jijiya ta kama. Yaron nan zai buga jibi."

Ta ce, "Hoton a kwance aka ɗauke shi. A kwance zai buga?"

Likita ya yi gyaran murya ya ce shi dai abin da ya gani ya rubuta, ɗinki lafiya lau, amma maganar dira da juyi ita ta fi shi sani. Na lura da ya faɗi haka ya ƙara matsawa baya taku ɗaya.

Koci ya ce, "Minti goma kawai nake so, Gwaggo. A zagaye na ƙarshe. Idan ya ji wani abu, allura ɗaya ta isa."

Ta ce, "Allura tana hana shi ji ne, ba ta hana ta tsinkewa. Idan ta sake tsinkewa a wannan shekarun nasa, ba maganar ƙwallo za mu yi ba, maganar hawa bene za mu yi."

Manaja ya fara huci. Ya ce kulob ba nata ba ne, bangon nan ma na kulob ne, ƙusoshin ma na kulob ne, kuma akwai matasa masu digiri da na'urori da ke neman kujerarta. Ta ce kujerar tata ce, daga gida ta zo da ita. Ya ce ta sauko da takalmin. Ta ajiye bandejin, ta dube shi daga ƙasa zuwa sama, abin da bai ɗauke ta lokaci ba don shi ma ba wani tsawo gare shi ba.

Ta ce, "Hannuna ba zai sauko da shi ba. Amma babu kwaɗo a jiki. Ga mai shi nan zaune."

Manaja ya juyo ya ce, "Rediyo, ɗauki takalminka."

Na tashi. Taku uku ne daga gado zuwa bango. Na miƙa hannu na zare shi daga ƙusa ta bakwai, ya yi ƙura, igiyarsa ta sandare. Ni ne mutum na farko da ya taɓa yin haka, kuma na ji daɗi, kada in yi muku ƙarya. Har na fara cewa takalmin ya rame saboda kewata.

Gwaggo ta ce, "Tsaya. Abu ɗaya zan roƙe ka, daga nan ka tafi. Hau akwatin nan ka diro sau biyar. Ba goma ba. Amma bakinka a rufe."

Na yi dariya na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan. Ko tari kada ka yi."

Na hau. Na farko lafiya. Na biyu lafiya. A na uku allurar nan ta motsa, sai na ji wani labari ya taso mini har maƙogwaro, labarin ranar da wandon Manaja ya yage a wajen karɓar baƙi. Na haɗiye shi. Na sake hawa. Ɗakin ya yi tsit, firiza kaɗai ke gurnani. Na diro na huɗu, kuma da yake babu magana a bakina da za ta rufe shi, sai wani sauti ya fito daga cikina wanda ban san ina da shi ba. Nishi ne, irin na tsohon da ya tashi daga tabarma. Kowa ya ji. Likita ma daga bakin ƙofa ya ji.

Gwaggo tana tsugune, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina jin ka. Idan kana lafiya, surutunka na banza ne, ba kai ba gindi. Idan kana jin zafi, sai ka koma ba da labari mai daɗi, har da kwaikwayon murya. Ranar da ka karya yatsa ka fi kowace rana ba mu dariya. Makon jiya da ka yi mini muryar Koci, na san da sauran aiki."

Na tsaya a kan ƙafa ɗaya da takalmi a hannu, kunya da haushi sun haɗu sun rufe ni. Na so in ce wani abu, amma duk abin da na faɗa yanzu shaida ce a kaina. Manaja ya ce nishi ba ciwo ba ne, shi ma yana yi idan zai ɗaura takalmi. Koci kuwa ƙasa yake kallo. Na dubi gwiwar, na tuna benen gidanmu mai hawa ashirin da biyu, da 'yata ƙarama da ba ta yarda ta hau shi sai a wuyana. Na koma bango na mayar da takalmin a ƙusa ta bakwai da hannuna. Manaja ya fita ya bugo ƙofa har sai da robobin suka zubo.

Yanzu mai karatu yana jiran in ce an cinye mu, kowa ya gane darajata. To ba haka aka yi ba. Mun ci kofin da tazarar maki goma sha bakwai. Yaron da aka sa a gurbina, ɗan shekara ashirin da ɗaya mai gwiwoyi sababbi fil, ya yi wasan da har ni sai da na tashi na tafa masa, ina tafi ina tsine masa a zuci. Da aka tashi, Gwaggo ta taɓo ni daga ƙarshen benci ta ce, "Mu ne ko su?" Na kau da kai.

Bayan mako biyu aka ba ni hannu, aka ɗauki hoto, aka ce kulob gidana ne har abada. Ita ba a kore ta ba, domin wanda ya ci kofi ba ya tuna faɗan shekaranjiya.

Na yi fushi da ita fushi na gaske. Na daina zuwa, na daina ɗaga wayarta. A gida ma na yi shiru har matata ta fara taɓa goshina ko zazzaɓi ne. Ina zaune ina ta juya abu ɗaya a raina, cewa minti goma ne kacal, wataƙila da na buga lafiya lau, da yanzu ina da kulob. Har yau ban san amsar wannan ba, kuma ita ma da na tambaye ta daga baya cewa ta yi ba ta sani ba. A mako na uku ta kira matata ta ce, "Gaya wa mijinki kulob ne ya sallame shi, ni ban sallame shi ba. Takalminsa yana tare mini ƙusa. Gobe ƙarfe bakwai, kafin yara su zo."

Matata ce ta kai ni har ƙofa, kamar ɗan makarantar da ya gudu. Na shiga ban gaishe ta ba. Ita ma ba ta nemi gaisuwa ba, ta ɗauko tef ta auna cinya ta yi tsaki. Haka muka ci gaba, kullum da sassafe, ni da ba ɗan wasan kowa ba, ita da ba wanda ya sa ta. Manaja ya gan ni sau biyu a farfajiya ya yi kamar yana amsa waya. Wata uku da rabi muka ƙara. Ta sake koya mini dira tun daga farko, a tsakiyar ƙafa, gwiwa tana kallon yatsu, abin da ya kamata a ce na iya tun ina ɗan shekara goma sha biyar.

Wata safiyar Laraba na hau akwatin na diro sau goma. Ban ce uffan ba, kuma ba riƙe bakin na yi ba, babu dai abin faɗa ne. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta miƙe tana dafa gado, don ita ma gwiwoyinta sun fara ba ta labari, ta jawo kujerarta, ta hau, ta sauko da takalmin. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta miƙo mini da hannu biyu. Ɗayan warin yana cikin jakata. Kullum da shi nake zuwa, ban taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Na ɗaura su na fita fili. Babu kowa, kujeru dubu uku duk wayam, rabin fitilun ma a kashe. Gwaggo ta biyo ni da jakarta ta zauna a ƙarshen benci inda ta saba. Na ɗauki ƙwallo na buga ta a ƙasa sau uku, na taho da gudu daga tsakiyar fili, na taka da ƙafar dama, na tashi. Wallahi ban taɓa tashi irin na ranar ba, ko ina ɗan ashirin. Na juya a sama na danna ta cikin kwando da hannu biyu ta bayan kaina, ƙarfen ya yi ta kaɗawa. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa yin mai kyanta ba, kuma ban sake yi ba, domin babu kulob ɗin da ya sake nemana. Yanzu yara nake koya wa wasa a wata makaranta, kuma dira nake fara koya musu, suna ƙorafi.

Na juyo ina haki, idona ya cika da ƙwalla, na ce, "Gwaggo! Kin gani? Don Allah kin ga wannan?"

Ta ce, "Me?"

Na ce, "Ƙwallon! Ta baya fa na saka ta!"

Ta ce, "Oho. Ta shiga ne?"

Na dafe kai da hannu biyu. Ta zuge jakarta, ta miƙe, ta zo ta tsuguna a gabana ta danna gefen gwiwar da babban yatsa, ta jira ko zan ba ta labari. Ban ba ta ba.

Ta ce, "Ka sauka daidai." Sannan ta ce in cire takalmin in bi ta ɗaki, akwai sauran ƙanƙara minti goma sha biyar.